Daga Turmi Zuwa Bakin Tabarma

Duk mutumin Kazaure da ya haura arba'in a duniya, da wuya a ce bai taɓa zama a kan kujerar Mele mai hoto ba. Shagon yana nan a unguwar Kanti har yanzu, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da takalman roba, sai dai allon da ke bisa ƙofar ya koɗe, sunan ma sai wanda ya riga ya san shi yake iya karantawa. Labulen nan da aka zana wa bishiyar dabino da jirgin sama yana rataye inda yake tun farko. 'Yan makaranta da angwaye da maniyyata duk sun tsaya a gabansa, sun ƙame, sun riƙe numfashi har a ce musu an gama.

Mele Babarbare ne. Kakansa ya taso daga wajen Nguru da fataucin kanwa, ya iso Babura, ya ga kasuwa, ya sauke kaya bai sake ɗaurewa ba. A can aka haifi Mele. Yana saurayi aka kai shi Kano koyon ɗinki, ya gudu daga gaban keke, ya liƙe wa wani Bayarabe mai hoto a Sabon Gari, mutumin da ba ya koyarwa da baki sai da harara. Shekarunsa na farko a shara da wankin tasoshin maganin wanke hoto suka ƙare. Ranar da ya bar gidan ya fito da hannu mai tsabta da wata ƙatuwar kyamara ta gwanjo, baƙa wuluk, mai nauyi kamar dutsen niƙa, wadda take cin fim mai faɗi kusan tafin hannu.

Irin wannan kyamara ba a ɗaga ta a kai ido. Ana kafa ta ne a kan ƙafafu uku, a buɗe murfin sama, mai hoto ya sunkuyar da kai yana duba wani gilashi da ke kwance, a nan wanda ke gabansa yake bayyana. Wannan ya yi wa Mele rana ƙwarai a ƙasar nan. Dattijo ba ya son yaro ya tsura masa ido. Matar aure ba ta zama namiji ya kafe ta da kallo. Amma mutumin da ya tsaya can nesa, kansa a ƙasa kamar mai kwasar gaisuwa, ba wanda yake jin nauyinsa. Shi ya sa gidajen da ba su taɓa buɗe wa mai hoto zaure ba, a Roni da Gwiwa da rugagen bayan Yankwashi, suka buɗe wa Mele. Har daga Nijar ake tsallakowa ran kasuwar Babura a jira babur ɗinsa.

Kyamarar tana da ido uku, ana kwance wannan a ɗaura wancan, kuma duk Mele ya raɗa musu suna. Gajere na taro ne, shi ke kwashe aji guda da malaminsu da allo. Matsakaici na mutum ne a tsaye, shi da sabon kekensa ko rediyonsa. Dogo kuwa na fuska ne, shi ne kuma abin alfaharin Mele, don yana jawo fuska daga nesa ta cika fim ba tare da mai hoto ya kusanci mai ita ba. Mele yakan ce fuska ba ta son a matsa mata. In ka kai kyamara kusa, hanci sai ya kumbura, kunnuwa su gudu baya, goshi ya zama ƙwarya. Daga nesa ne kowace gaɓa take zama inda Allah ya ajiye ta.

Zamani bai yi masa sallama ba da zai juya. Wayoyi suka zo, kowane yaro ya zama mai hoto, kowace yarinya ta zama mai ɗauka kuma abin ɗauka, hannu a miƙe, baki a ture. Mele ya sayi 'yar kyamarar zamani don hoton fasfo, tunda dole a ɗora tukunya, amma da yatsa biyu yake riƙe ta kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera. Babbar ya naɗe ta a tsohon rawani. Idanun uku ya jera su a akwatin katako ya tura ƙarƙashin gado. Ragowar fim ɗinsa ya zuba a gwangwanin madara, ya liƙe bakin, ya binne a yashin gindin randa don sanyi.

Matarsa Zulaikha 'yar Babura ce, 'yar Iya Yagana. Kuma ga abin da mutanen yanzu za su ji kamar tatsuniya: tun da Mele ya auri Zulaikha, har suka aurar da 'yarsu Bahijja, har suka ga jikoki, bai taɓa kallon fuskar surukarsa ba. Haka aka rene shi. In ya je gaisuwa, a zaure yake tuɓe takalmi. Akwai wani tsohon turmi a bakin tsakar gida, a nan yake durƙusawa, bai taɓa wuce shi ba. Ita kuma tana can ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ta ja mayafi. Gaisuwa kaɗai suke yi kai tsaye. In da wata magana bayan gaisuwa, sai ta bi ta bakin Zulaikha, ko da kowa yana jin kowa. Abin da Mele ya sani na Iya Yagana shi ne muryarta, da ƙafafunta masu lalle, da gefen tabarmarta. Ya ɗauki hoton rabin ƙasar Kazaure, ita bai taɓa ɗaukarta ba, ita ma ba ta taɓa nema ba.

Zuri'ar Iya ta yi yawa, ta bazu har Kano da Magarya, duk bayan babbar Salla kuma sukan taru a Babura don zumunci. Wata shekara samarin gidan suka ce a buga kalanda, a sa hoton Iya a sama. Aikin ya faɗa hannun Muhsin, ɗan Babagana yayan Zulaikha, wanda yake da shagon buga katin biki da hotunan 'yan takara a Kazaure. Ya je ya zauna kusa da kakarsa yana ba ta dariya, ya kai waya daidai hancinta ya danna.

Ranar da Zulaikha ta dawo da nasu kalandar, ta rataye a ƙusa. Mele ya shigo daga shago, ya tsaya, ya gyara tabarau.

"Wannan kuma wace ce kika rataya mana?"

"Duba dai da kyau, tunda kai ne mai sana'ar duba fuskoki."

"Na duba. Wata 'yar wasan kwaikwayo ce da zuma ta harba a hanci."

Zulaikha ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Iya ce."

Mele ya kawar da kai da sauri, don jikinsa ya riga tunaninsa. Sai kuma ya tuna takarda ce, ya juyo a hankali. Fuskar fara ce sol, sumul kamar bayan faranti. Hanci ya taso ya cinye tsakiya. Babu tamoji ko ɗaya a goshi. Ba a bar wa matar ko shekara arba'in ba.

"Ina tsagar?"

"Ka taɓa ganinta ne?"

"Ban taɓa ba. Amma duk Babura an san Iya da tsagar Barebari. Ke da bakinki kika gaya mini kina yarinya kina bin ta da yatsa in za ki yi barci. Ina take?"

"Ka tambayi ɗanka Muhsin."

Ko ruwa bai sha ba ya fita. Ya tarar da Muhsin a gaban kwamfuta, janareta na ruri a waje, yana rage wa wani ɗan takara tumbi a hoto.

"A'a, Baba, sannu da zuwa. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ina ka kai fuskar kakarka?"

"Tana Babura, Baba, na baro ta da ita."

"Ni kake wa wasa? Ni kakanka ne?"

Muhsin ya gyara zama. "Yi haƙuri, Baba. Wayar ce take gyara fuska da kanta. Ni kuma na ɗan ƙara hannu a nan, na goge tabon."

"Tabo!" Muryar Mele ta fi janareta. "Tabo ka ce? Wuta ce ta ƙone ta? Faɗuwa ta yi a babur? Wanzami aka kira, aka yanka rago, aka tara dangi aka yi mata ita. Matar nan ta ɗauke ta a fuska tun kafin a haifi ubanka, kai kuma ka zo da ɗan yatsanka ka share kamar majina."

"Baba, ni kasuwa nake yi. Amarya in na bar mata ƙurji ɗaya ba ta dawowa. Kowa so yake ya fi kansa kyau. Ku ma a zamaninku ba kwa bin fim da fensir kuna gyarawa? Na ga fensiran a shagonka."

Maganar ta sami Mele, don gaskiya ce. Ya ce, "Muna shafe ƙurji. Ƙurji baƙo ne, jibi ya tafi. Tsaga 'yar gida ce."

"To ai Gwaggo Dela ta ce Iya ta fito kamar budurwa. A falo ma ta rataye nata."

"Dela dama tun tana yarinya ba ta bambance kyau da ƙyalli."

Muhsin ya yi dariya, bai ji ko ɗar ba. Ya ce an riga an raba na bana, ba yadda za a yi. In Baba yana da hoton da ya fi wannan, ya kawo, a sa a na baɗi.

Ba a daɗe ba Zulaikha ta je Babura ta dawo da labari. Iya ta sa an juya kalandar ta fuskanci bango. Da Muhsin ya je gaishe ta, ta tambaye shi baƙuwar da ya kawo mata daga wane gari take, kuma me ya sa ba ta gaisuwa. Aka yi dariya. Sai ta daina dariyar ta ce, "Uwata da wannan tsagar aka binne ta, haka kakata. 'Ya'yana ba a yi musu ba, ban kuma ce a yi ba, zamani ya wuce wurin. Ni ce ta ƙarshe a gidan nan. Amma ku bari a binne ni tukuna kafin ku share." Ta kuma rantse ba wanda zai sake kai mata waya hanci.

Zulaikha ta ce Iya ta fara rabon kayanta. Ta ba wannan tasa, ta ba waccan murjani. Ƙafafunta sun kumbura, azumin bana ma a zaune ta yi sallolinta. Duk wanda ya san tsofaffi ya san abin da rabon kaya yake nufi. In ta tafi a haka, wannan farar baƙuwa ce za ta zauna a bangon kowane gida, tattaɓa kunne su taso suna cewa ga kakarsu.

"Kuma da zan taho ta ce in tambaye ka wani abu," in ji Zulaikha. "Ta ce, mijin naki ba shi ne mai akwatin nan da ake tsayawa can nesa ba?"

Mele ya nufi bakin gado. Ya durƙusa ya jawo akwatin katako daga ƙarƙashin gado. Ya san abin da zai yi sarai. Zai kafa kyamara a gindin turmi, wurin da ya saba, ya ɗaura Dogo, ya jawo fuskar Iya daga can ba tare da ya taka inda bai taɓa takawa ba. Kamar don wannan rana aka ƙera Dogo.

Ya ɗaga shi ya duba a hasken taga, sai ya ga ɓarna. Wata damina da ta wuce ruwa ya jiƙa bangon ɗakin, aka gyara bango aka manta da abin da ke ƙarƙashin gado. Fumfuna ta shiga cikin gilashin, ta yi saƙa kamar yanar gizo daga gefe har tsakiya. Gajere da Matsakaici suna cikin gwangwanayensu, ba abin da ya same su. Dogo kaɗai, da aka naɗe a ƙyallen ƙaramiski don an fi ji da shi, shi ya sha laima.

Ya hau mota ya tafi Kano. Shagon maigidansa na dā ya zama wurin cajin waya. Da tambaya ya sami wani mai gyaran kyamara a wani lungu, mutum mai haƙuri, wanda ya kwance Dogo gaba ɗaya, ya wanke, ya goge, ya haska fitila, sannan ya girgiza kai.

"Baba, fumfunar ta fita, amma ta ci gilashin. Sawunta ba ya gogewa."

"Zai ɗauka?"

"Zai ɗauka mana. Sai dai hoton zai yi laushi, kamar an shafa masa mai. Ba ƙurji, ba tamoji, fata sumul. Kada ka damu, yanzu irinsa ake yayi. Akwai yaran da suke nemansa ido rufe don hoton amare. In za ka rabu da shi ma…"

Mele ya fizge abinsa. Wato Dogo ma ya bi sahun waya. Idon da ya yi shekaru yana gaya wa mutane gaskiyar fuskarsu, shi ma ya koyi shafe-shafe. Ya tambayi ko za a sami wani irinsa, mai gyaran ya ce sai dai a cigita a Legas, wata da watanni, kuma ba tabbas. Iya ba ta da wata da watanni da za a yi wasa da su. Duk hanyar dawowa Mele yana ta faɗa shi kaɗai, har wani Bafulatani da ke kusa da shi ya tambaye shi ko Barebari sun fara magana da aljanu ne. Ko wannan tsokana da bai taɓa bari ta wuce ba, ranar bai rama ba.

Da safe yana shan koko ya zayyana wa Zulaikha matsalar, ya jera idanun uku a tabarma.

"Gajere ba ya cikin lissafi, shi zai yi mata hancin da ya fi na Muhsin. Dogo zai bar ni a gindin turmi, amma zai cinye tsagar. Matsakaici garau yake, ko gashin gira zai ƙirga. Sai dai daga turmi fuskarta ba za ta wuce ƙwayar gyaɗa a fim ba. In na buɗa ta ta girma, tsagar ta narke."

"To ka matsa mana."

"In matsa ina?"

"Inda za ta fito."

"Inda za ta fito bakin tabarmarta ne, Zulaikha."

Ta dube shi, tsoho mai furfura har a gira, ta ce, "Kai dai ka zaɓa. Ko ka tsira da kunyarka, ko Iya ta tsira da fuskarta."

Ya zuba Matsakaici a jaka. Har ya kai ƙofa ya dawo ya ɗauki Dogo ma ya zuba.

Sun isa Babura da hantsi, don Mele yana son rana tana gefe. Hasken da ya zo ta gaba cike tsaga yake yi, na gefe shi ke zuba mata inuwa ta fito. Ya tuɓe takalmi a zaure, ya durƙusa a gindin turmi, suka gaisa da Iya yadda suka saba, ya gida, ya jiki, ya mutanen Kazaure. Ta sa an fito mata da zanenta na saƙi da ta daɗe ba ta ɗaura ba. Mele ya kafa ƙafafun kyamara, ya rage tsawonsu don ta zo daidai da mai zama a ƙasa. Hannunsa ya shiga jaka ya taɓa Dogo, ya daɗe a kansa, sannan ya fito da Matsakaici ya ɗaura. Ya buɗe murfi ya sunkuya. Ga tsakar gida duka a gilashi, ga darbejiya, ga igiyar shanya, ga akuya, ga wata 'yar dunƙulen mutum can a ƙofar ɗaki.

Jira ya yi yawa. Iya ta ce, "Zulai, tambaye shi, an gama?"

"Wai an gama?"

"Ki ce mata ba a fara ba."

"Me yake jira? Ranar ta faɗi?"

Zulaikha ta ce, "Iya, idon da yake jawo mutum daga nesa ya lalace. Wannan sai an matso. Shi kuma ya kasa."

Iya ta ja carbi. Sannan ta ce, "Jikana da na goya ya hau kaina da waya, ya mai da ni wata. Wannan kuma ya tsaya can yana jin kunya, zai bar ni a haka. Duk cikinku ba mai amfani. Ki ce masa ya matso."

"Ka ji."

Mele ya ɗaga kyamara da ƙafafunta, ya wuce turmi. Bai miƙe ba, a durƙushe ya ja jiki, kansa a cikin murfi, yana kallon dunƙulen nan tana girma. Akuya ta fita daga gilashi, igiyar shanya ta fita. Ya tsaya.

"Ya iso?" in ji Iya.

"Da saura, Iya."

"Ni zan taso in same shi?"

Ya ƙara ja. Gwiwarsa ta taɓa bakin tabarmar nan da ya yi shekara da shekaru yana gaisarwa. A nan ya tsaya, don ya san in ya ƙara ko kaɗan hanci zai fara kumbura. Ya murɗa, gilashin ya washe.

Tsohuwa ce baƙa, siririya, mai dogon wuya. Tsaga ɗaya ta sauko daga tsakiyar goshi zuwa karan hanci, sauran suna jere a kumatu tun daga gefen ido har haɓa, tsufa ya lanƙwasa su sun bi tamoji, wasu sun nitse, wasu sun fito. Ɗaya a kuncin hagu ta karkace daga 'yan'uwanta. Idanun kuwa ya san su. Idanun Bahijja ne, 'yarsa, har da yadda gira ɗaya take ɗagawa in ranta ya ɓaci. Shekaru yana tambayar kansa inda yarinyar ta samo wannan kallo, ashe yana nan a ƙofar ɗakin nan, shi yana can gindin turmi yana kallon ƙasa.

Ya juyar da magana ga Zulaikha. "Ki ce mata ta ɗan juya wajen darbejiya. Ya isa. Ki ja mayafin baya kaɗan, ya rufe ta gefe."

"Ki ce masa kada ya gyara karkatacciyar," in ji Iya, ba ta motsa kai ba. "An ce atishawa na yi wanzami yana aiki. Uwata da ita take gane ni cikin yara."

"Ki ce mata ba abin da zan gyara."

Ya danna. Ƙarar kyamarar ta tashi kamar an rufe ƙofar langalanga, kaji suka watse. Ya murɗa fim ya sake, ya sake, har ya ƙare, don fim ɗin ya tsufa, bai san wanne zai rayu ba.

"An gama?"

"An gama, Iya." Sai da maganar ta fita ya lura bai bi ta bakin Zulaikha ba.

Iya ta ja mayafinta ta rufe kunci. "To madalla. Zulai, ki ce masa ya ga abin da zai gani. Ya koma wajen turminsa."

Ya wanke fim ɗin a ɗan ɗakin bayan shago, ya toshe ƙofa da bargo, da maganin da wani abokinsa mai ɗaukar hoton ƙashi a asibiti ya sam masa. Yawancinsu sun yi hazo. Biyu sun fito. Ya zaɓi wanda girar ta ɗaga, ya buga shi baƙi da fari a ragowar takardarsa mai kauri. Ranar da Muhsin zai shigar da shi kwamfuta, Mele ya rufe shago ya je ya ja kujera ya zauna a gefensa, ya ɗora sandarsa a kan tebur.

"Baba, ko ɗan haske in ƙara? Ta yi duhu."

"Baƙa ce."

"Wannan layin na hagu kamar ya karkace, in miƙe shi?"

"Miƙe shi ka gani."

Muhsin ya janye hannu yana dariya, ya ce shi dai ya faɗa, in dangi suka yi ƙorafi ba ruwansa.

Sun kuwa yi. Da aka raba sabuwar kalanda, wasu suka ce an tsufar da Iya. Wata jika da ke Kano ta ce ƙawayenta za su ce kakarta 'yar ƙauye ce. Dela, 'yar'uwar Zulaikha, ta karɓi tata ta sa a ƙarƙashin katifa, ta bar ta bara a falo, ta yanke kwanakin ta bar hoton. Tun daga ranar Mele bai sake shiga falon Dela ba. In zumunci ya kai shi, daga ƙofa yake gaisawa, in an ce ya shigo sai ya ce akwai baƙuwa a ciki, bai san ta ba.

Hoton na ainihi yana ɗakin Iya Yagana. Idonta ya yi rauni, sai ta kai shi bakin ƙofa take gani. Zulaikha ta ce ranar da aka kai mata ta daɗe tana bin sa da yatsa, har ta iso kan karkatacciyar, ta tsaya, ta ce, "To, yanzu ko yaushe." Ta sa aka rataye shi a ƙusar da kalandar farko take.

Muhsin ya aiko sau biyu yana roƙon aron Dogo, wai ya ji yana fitar da amare kamar madara. Mele ya ce a gaya masa Dogo ya mutu. Yana nan a akwatin katako, a wajen ƙyallen ƙaramiski, Matsakaici ne a ciki yanzu.

Mele yana zuwa Babura gaisuwa kamar dā. Yana tuɓe takalmi a zaure, ya durƙusa a gindin turmi, idonsa a ƙasa. Sai dai yanzu in muryar nan ta taso daga ƙofar ɗaki tana faɗa da jikoki, ya san wace gira ce ta ɗaga.